Jagorar Ziyarar Duwatsu, Ƙoramu da Dazuzzukan Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, wadda ke tsakiyar Jihar Katsina a kan hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta nufi kudu, ba ta cikin wuraren da akan ambata idan ana lissafin matsirgar ruwa a Nijeriya, wato wurin da kogi ke zubowa da ƙarfi daga tudu zuwa kwari. Matsirgar da ke gudana rani da damina tana bukatar gangare mai tsayi da kogin da ba ya ƙafewa, waɗannan kuwa sai a kudu inda ruwan sama ya fi yawa ake samunsu tare, kamar Gurara a Jihar Neja, da Matsirga kusa da Kafanchan, da Assop a gangaren tsaunukan Jos, da Farin Ruwa a ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa. Abin da ke akwai a tsakiyar Katsina shi ne ruwan da ke kwararowa daga kan duwatsu bayan an ɗauke ruwan sama, wanda yakan yi awa guda ko yini guda sannan ya tsaya, sai ƙoramu masu yashi da ke cika su batse a cikin marka, sai kuma madatsun ruwa da aka gina. Don haka ziyarar wannan ƙasa da niyyar ganin ruwa da tsirrai da namun dawa aiki ne na sanin lokaci tun kafin sanin wuri, domin dutsen da baƙo ya tarar a bushe ƙayau a watan Maris shi ne wanda zai tarar yana zubar da ruwa ta fuskoki da dama a watan Agusta, kuma wanda ya zo a ranar da ba ita ba yakan koma yana cewa babu abin gani.

Ƙasar da ruwanta

Duwatsun da suka yi cirko-cirko a wannan yanki, har garin Dutsin-Ma ya samo sunansa daga ɗaya daga cikinsu da kuma wani maharbi mai suna Ma da tarihin baka ya ce ya zauna a wurin, na irin tsohon dutsen nan ne mai tauri da masana ke kira giranit, wanda ya narke ya daskare a can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, daga baya ruwa da iska suka share ƙasar da ta lulluɓe shi, mai taurin ya rage a tsaye. Zafin rana da sanyin dare da raguwar nauyin da ke kansa suna sa bayan dutsen ya riƙa ɓarewa sala-sala kamar albasa, kuma wannan ɓarewa ita ke samar da tsaga da kogo da matakala waɗanda ruwa ke bi. Abin da ya fi muhimmanci ga mai neman magangarar ruwa shi ne cewa irin wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, don haka idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, falalen dutse mai faɗin hekta guda zai tara lita 300,000, kuma kusan dukkansa zai sauko cikin ɗan lokaci ta 'yan hanyoyi ƙalilan. A jigawa, wato ƙasa mai yashi, rabin wannan ruwa ko fiye zai nitse ne shiru ba a ga motsinsa ba.

Yawan ruwan da yankin ke samu a shekara yakan kama daga wajen milimita 700 zuwa 900, kuma kusan duk yana sauka ne tsakanin watan Mayu da Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ƙoramun da ke kwashe shi suna taruwa a manyan gulabe, irin su Karaɗuwa da Bunsuru waɗanda ruwansu ke bin yamma har ya shiga Gulbin Rima, a arewa kuwa akwai Gada wanda aka tare a Jibiya, ya ratsa cikin Nijar da sunan Gulbin Maraɗi. A kan Karaɗuwa ne aka gina madatsar ruwa ta Zobe, kudu da garin Dutsin-Ma, aka kammala ta a 1983 a zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, kuma bangonta na ƙasa ne mai tsawon mita 2,750 da bisan mita 19. Ita ce babban ruwan da ba ya ƙafewa a yankin, saboda haka ita ce matattarar masunta da tsuntsayen ruwa a watannin da sauran wurare suka bushe.

Izini da ɗan jagora

Ba a fara wannan tafiya daga dutse, daga ƙofar mai gari ake fara ta. Dutsin-Ma tana ƙarƙashin Yandakan Katsina, Kurfi kuma tana ƙarƙashin Maraɗin Katsina, kuma a ƙasan kowane hakimi akwai dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san wanda ke noma gindin kowane dutse, da burtalin da shanu ke bi, da wurin da ba a son baƙo ya taka. Baƙon da ya isa ƙauye zai yi sallama a zauren mai unguwa, ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa da "ranka ya daɗe", ya faɗi sunansa da inda ya fito da abin da ya kawo shi dalla-dalla, ya kuma nuna kayan da ke cikin jakarsa, musamman tabarau mai jawo nesa da kyamara, domin a ƙasar da ta sha fama da masu leƙen asiri mutumin da aka gani a kan dutse yana hangen gari da gilashi ya jawo wa kansa zargi tun kafin ya buɗe baki. Mai unguwa ne zai haɗa shi da wanda zai raka shi, kuma mafi dacewa shi ne ɗaya daga cikin mutanen Sarkin Baka, wato shugaban maharba, ko wani dattijon makiyayi da Arɗo ya yarda da shi, idan kuwa bakin ruwa za a je to sai mutanen Sarkin Ruwa. A yi maganar ladan rakiya tun kafin a tashi, a kira dattijo da "Baba" ko "Malam", a bar shi ya wuce gaba.

Maganar tsaro ba a yi mata kwana-kwana. Yammacin waɗannan ƙananan hukumomi biyu yana maƙwabtaka da Safana da Batsari, inda Dajin Rugu ya faro ya miƙe har cikin Zamfara, kuma shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna fitowa daga can suna satar shanu da mutane. Lamarin ya kai ga cewa a watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, a 2023 kuma gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma ta sa-ido. Halin da ake ciki yana canzawa daga mako zuwa mako, daga ƙauye zuwa ƙauye, saboda haka labarin da aka ji a Katsina ko Kano ba ya isa hujja, sai wanda aka ji daga bakin mutanen wurin a safiyar ranar. Idan mai unguwa ya ce kada a je, an gama magana. Duwatsun da ke jikin gari da gefen babbar hanya sun ishi mai koyo, kuma babu wani tsuntsu ko fure da ya cancanci a shiga dajin yamma dominsa a irin wannan zamani.

Binciken rani

Wanda ke son ganin ruwa yana zuba a watan Agusta, aikinsa na farko a watan Janairu ko Fabrairu yake, lokacin da ciyawa ta bushe, hanya ta buɗe, dutse kuma ba ya santsi. Abin da zai nema a jikin dutsen shi ne baƙin zane da ya sauko daga sama zuwa ƙasa, wanda ba komai ba ne illa busasshiyar gansakuka da ƙananan halittun da ke rayuwa inda ruwa ya saba bi, kuma gwargwadon faɗin zanen da duhunsa gwargwadon yawan ruwan da ke wucewa ta nan da daɗewarsa. Idan aka bi zanen da ido zuwa sama za a ga ko daga wani kwarmi mai faɗi ya taso, wanda ke tara ruwa ya riƙa sakinsa a hankali, irin wannan kuwa shi ke ci gaba da zuba kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, ko kuma daga tsandaurin dutse kawai, wanda kan ƙare cikin awa guda. Idan aka bi shi zuwa ƙasa za a tarar da alamar ƙarfinsa a gindi: gurbi mai santsi da ruwa ya rarake, da tarin tsakuwa masu sulɓi, da farin yashi da aka tace, sannan sau da yawa da wata bishiyar ɓaure ko kanya da ta yi kore shar alhali na kewaye da ita sun kakkaɓe, abin da ke nuna akwai laima a ƙarƙashin ƙasa. A wannan ziyara ce ake zaɓen wurin tsayawa, wanda ya kamata ya kasance a gefe ba a ƙarƙashin mazubar ba, a kan ƙasa ba a kan dutse ba, kuma mai hanyar komawa gari wadda ba ta ratsa ƙorama. A auna da ƙafa minti nawa ne daga hanyar mota zuwa wurin, a rubuta, domin a ranar ruwa wannan lissafi ne zai yi aiki.

Ranar ruwa

Ruwan farkon damina, na Mayu da Yuni, yakan zo da iska da ƙura da tsawa, kuma duk da cewa dutse yana zubar da shi, ƙoramu sukan shanye shi tun bai yi nisa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, kwarmin duwatsu suka cika, har ruwa kaɗan ma yakan sa su tumbatsa. Ranar da ta fi kowace ita ce wadda aka kwana ana ruwa aka ɗauke da asuba, domin a lokacin hadari ya wuce, hasken safe yana da taushi, ruwan kuma ya fara washewa daga jan da yake fara zuwa da shi. Ba a hawa dutse ana cikin ruwa ko hadari na haɗuwa, saboda tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi a fili, kuma mutum a kan falalen dutse shi ne wannan abin. Akwai hanyar auna nisan hadari mai sauƙi, wato a ƙirga sakan nawa ne tsakanin walƙiya da jin ƙararta, kowane sakan 3 daidai yake da kilomita ɗaya, kuma ƙa'idar masana yanayi ita ce a dakata minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fita fili.

Haɗari na biyu santsi ne, domin baƙin zanen nan da ya yi wa mai bincike jagora da rani shi ne wurin da ƙafa ba ta kamawa da damina, kuma takalmin roba mai sulɓin ƙasa, irin silifas, ya fi komai jawo faɗuwa. Na uku shi ne ƙorama, wadda takan yaudari baƙo saboda ruwan da ke cika ta ba lalle ne a inda yake tsaye aka yi shi ba. Za a iya yin ruwa a nisan kilomita da dama, a wurin da mutum yake kuwa rana na haskawa, sai kawai ya ji gunji daga sama, ya ga kumfa da karmami da itace sun karyo kwana, kafin ya yi wani yunƙuri yashin da yake takawa ya zama gulbi. Mutanen karkara ba sa tsallaka ƙoramar da ruwanta ya kai gwiwa yana gudu, suna zama a gaɓa su jira ya janye, ko da za su yi rabin yini, kuma baƙo ba shi da dalilin da zai fi su gaggawa. Gaɓar kwazazzabo ma abin kiyayewa ce, don ruwa yakan ci ƙarƙashinta ya bar samanta a rataye.

A Zobe kuwa, a shekarar da tafkin ya cika, rarar ruwan tana fita ta hanyar da aka gina mata don kada ta haura bango, kuma wannan zuba ita ce mafi kusa da babbar matsirga da za a gani a yankin. Madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, saboda haka sai an nemi izinin ma'aikatanta kafin a kusanci bango ko a ɗauki hoto.

Itatuwa da tsirrai

Yankin yana cikin abin da masana ke kira sabanar Sudan, wato daji mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi waɗanda yawancinsu ke zubar da ganye da rani, amma gaskiyar magana ita ce mafi yawan abin da ido ke gani a yau gona ce, kuma itatuwan da ke tsaye a cikinta waɗanda manoma suka zaɓa ne suka bari saboda amfaninsu: kuka don miya, ɗorawa don kalwa da daddawa, tsamiya don kunu, kaɗanya don mai, gawo don taki da abincin dabbobi. Gawo ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke saɓa wa sauran, yana kakkaɓe ganye da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabba ke neman inuwa, don haka a watan Agusta bishiyar da aka hango tsirara fari fat a tsakiyar gona mai kore ba matacciya ba ce. Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, da ya cika garuruwa da gefen hanya, ba ɗan ƙasa ba ne, daga Indiya aka kawo shi a zamanin Turawa, haka ma bishiyar turare da mangwaro baƙi ne, kuma mai koyon tsirran gida ya kamata ya fara da ware waɗannan. Sabara da kalgo da geza, waɗanda ke tsirowa daga kututture a saura da gefen gona, su ne ragowar tsohon dajin, kuma a ƙasar Maraɗi tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin irin wannan toho suna yi masa aski har ya zama bishiya, dabarar da ta mayar da itatuwa a miliyoyin hekta na gonakin Nijar.

Inda garma ba ta kai ba, wato jikin dutse da gaɓar ƙorama, nan ne tsirran asali suka fi tsira, shi ya sa wanda ya zo don ruwa yakan koma da sanin itatuwa. A tsagar dutse ana samun dangin ɓaure, irin su kawari da gamji, waɗanda saiwarsu ke malala a kan dutse tana neman kafa, tsuntsaye da jemagu kuma su ne ke kai irinsu can a cikin kashi. Akwai hano, mai ɓawo fari-fari da ke saɓulewa siriri, wanda idan aka ɗan kankare shi yake fitar da ƙaro mai ƙanshi, ɗan'uwan bishiyar lubban ta ƙasashen Larabawa ne, kuma yawan sassaƙarsa don magani ya sa da wuya a ga babba wanda ba shi da tabo. Akwai kukuki da faru da marke a gangare, akwai tinya mai farin ruwa wanda ke ƙona fata ya kuma yi wa ido mummunar illa, don haka ba a karya ta da hannu. A gaɓar ruwa kuwa kanya da ɗinya da maɗaci da giginya suka fi yawa. Kowace tana da watanta: gurjiya tana ja da fure a cikin hunturu ba ganye ko ɗaya, ɗorawa tana rataye jajayen tuntayenta wajen Fabrairu da Maris, kuka tana buɗe farin furenta da dare a farkon damina, kuma su biyun nan na ƙarshe jemagu ne manyan masu yi musu barbara. Hanyar gane bishiya ita ce a duba abu huɗu tare, ganye da ɓawo da ƙaya da 'ya'ya, a kuma tambayi ɗan rakiya sunanta da amfaninta, domin suna ɗaya yakan hau bishiya biyu, bishiya ɗaya kuma takan amsa suna biyu tsakanin Katsina da Kano.

Kwarmin dutse da ya tara ruwa ƙaramar duniya ce da ta isa a durƙusa a kanta rabin awa. Ƙurar da ke ƙasansa da rani cike take da ƙwai da iri masu jure fari, kuma kwanaki kaɗan bayan ya cika za a ga 'ya'yan kwaɗi baƙi ƙirin suna cincirindo a gefe, da ƙwari masu gudu a saman ruwa, da ƙananan ciyayi da dole su yi fure su zubar da iri kafin kwarmin ya sake ƙafewa.

Tsuntsaye da namun dawa

Wajibi ne a rage wa baƙo buri tun da wuri. Zaki da giwa da ɓauna sun daɗe da ƙarewa a wannan yanki, kuma mai son ganin manyan namun daji sai ya nufi Yankari a Jihar Bauci, ko Kure a Nijar inda raƙuman dawa suke, waɗanda aka kai wasu daga cikinsu gandun Gadabeji na Jihar Maraɗi a 2018. Abin da ya rage a nan ƙananan dabbobi ne masu tsananin tsoron mutum, saboda farauta ta koya musu: kurege da zomo da bushiya da gafiya, da tunku da yanyawa da dila, da jan biri a inda daji ya ɗan yi saura, da rema a duwatsu masu kogo da ba a cika hawa ba. Yawancinsu da dare suke fita, don haka sawu ake karantawa ba dabbar ba, kuma babu allon da ya fi jiƙaƙƙen yashin ƙorama da sassafe kafin shanu su bi ta kai. A nan ne maharbi ke nuna gwanintarsa, ya bambance sawun dila da na kare, ya nuna jan wutsiyar guza tsakanin tafukanta, ya faɗi ko da tsakar dare aka wuce ko da asuba ta yadda bakin sawun ya bushe. Rema kuwa ana gane mazauninta da farin tabon fitsari a bakin kogo da tarin kashi a wuri guda, kuma wanda ya zauna shiru a nesa da hantsi yakan gan ta ta fito shan rana.

Tsuntsaye su ne arzikin da bai ƙare ba. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta koma gabashi da kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke, daga Oktoba zuwa Maris kuma baƙin tsuntsaye daga Turai suna sauka a bakin ruwa bayan sun ƙetare Sahara, wanda hakan ya sa lokacin ɗari ya fi kowane kyau ga mai zuwa Zobe. A can ana ganin zalɓe da belbela da kirinjijiya, da zakaran ƙeƙuwa mai yawan kuka a gaɓa, a gona da saura kuma cilakowa da fakara da hasbiya da ragon maza, a duwatsu kazar dutse wadda akan ji muryarta da asuba fiye da yadda ake ganinta. Da damina ne mazan marai da zalaiɗu ke sa kayan adonsu, da rani kuwa sukan koma launin ƙasa har su rikita mai koyo. Abin da ba a gani shi ma labari ne, domin ungulu da a da ke cika kowace mahauta ta yi ƙaranci ƙwarai saboda guba da cinikin sassan jikinta, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, gauraka ma ta zama sai a labari a yawancin ƙasar Hausa. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 sun taƙaita kamawa da cinikin irin waɗannan, kuma baƙon da ya sayi ɗan tsuntsu ko ɗan biri a hannun yara don tausayi ya buɗe musu kasuwa ne kawai. Ƙa'idar kallo ba ta da yawa: a fita daga fitowar rana zuwa hantsi ko bayan la'asar, a sa tufafi marasa haske, a juya wa rana baya, a fuskanci iska, a rage magana, a fi yawan zama a kan yawan tafiya.

Maciji da tsargiya

Gindin duwatsu mazaunin kububuwa ne, ƙaramar macijiya mai launin ƙasa wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a sabanar Nijeriya, domin dafinta yana hana jini daskarewa, kuma mutum yakan ga kamar ya samu sauƙi kwana ɗaya ko biyu kafin jini ya ɓalle. Akwai kuma kasa da gamsheƙa da kunama. Rigakafin shi ne takalmi mai rufe idon sawu, da sanda, da barin cusa hannu a rami ko ɗaga dutse da hannu. Idan an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau, sai a cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi ba tare da tsayawa gwada wani magani a hanya ba, kuma sanin wane asibiti ne ke da ita yana cikin tambayoyin da ake yi kafin a bar gari. Zuma ma takan yi gida a tsagar dutse, hayaniya da turare mai ƙarfi suna tunzura ta. Ruwan da ke kwance a tafki da madatsa kuwa yana iya ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda tsutsarta ke fitowa daga ƙananan katantanwa ta huda fatar mai wanka ko mai tsayawa a ciki, saboda haka a zo da ruwan sha daga gida, kada kuma a shiga ruwa don sha'awa.

Rubuta abin da aka gani

Ziyara ba ta zama ilimi sai an rubuta ta, kuma abin da ake bukata bai wuce ƙaramin littafi da fensir ba, domin tawadar biro takan narke idan ta jiƙe. Ga kowane abu a rubuta kwanan wata da lokaci da sunan wuri kamar yadda mutanen ƙauyen ke faɗinsa, da irin ƙasar, da yaushe aka yi ruwan ƙarshe, da sunan da ɗan rakiya ya bayar. Tsiron da ba a gane ba a ɗauki hoton ganyensa gaba da baya da ɓawonsa da furensa, idan kuma yana da yawa a wurin a yanki reshe guda mai fure ko 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako, a riƙa canza takardar kullum har ya bushe, sannan a kai wa malaman tsirrai a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Don daidaita sunan Hausa da na kimiyya har yanzu ana komawa ga ƙamus ɗin sunayen tsirrai da likita J. M. Dalziel ya wallafa a 1916. Masu kallon tsuntsaye kuwa suna da inda za su kai nasu, wato shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara a 2015, wanda ya raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, ana son mai sa-kai ya yi aƙalla awa 2 a cikin gida guda yana jera tsuntsayen bisa tsarin da ya gan su, sannan ya tura jerin ta manhajar waya.